Layin da Ake Ja a Cinya

Kafin aska ta taɓa fata, alƙalami likita yake fara ɗauka. Mara lafiya na kwance rigingine, allurar barci ta ɗauke shi, ƙafarsa a miƙe, yatsun na kallon sama. Likitan zai lalubi tsinin ƙashin nan da kowa ke ji a gaban ƙugunsa, ya ɗiga tawada. Ya gangara gwiwa, ya ɗiga wata a saman ƙoƙon gwiwar ta gefen waje. Ya haɗa ɗigon biyu da layi, ya auna, ya raba biyu. A tsakiyar sai ya zana da'ira, santimita 3 daga cibiyarta zuwa bakinta. Cikin wannan 'yar da'irar, a jikin yawancin 'yan Adam, akwai wata siririyar jijiyar jini da ta taso daga can cikin cinya, ta huda ta fito tana shayar da fatar wurin. Ita ake nema.

Tun da ido ba ya ganinta, sai a saurare ta. Akwai wata 'yar na'ura mai suna Doppler, kanta kamar fensir, tana mayar da gudun jini ya zama sauti. Likita zai shafa mai a fata, ya riƙa jan kan na'urar a hankali, yana karkata shi, har ya ji shuu, shuu, daidai da bugun zuciya. Nan zai sa alama.

Abin da ya kawo wannan duka yana can wani sashe na jiki. Wataƙila ciwon daji ya sa an yanke rabin kunci da harshe. Wataƙila haɗarin mota ya kwashe naman ƙwauri har ƙashi ya bayyana. Rami ne da ɗinki ba zai haɗe shi ba, dole a kawo nama daga wani wuri. Wannan fanni shi Turawa ke kira "plastic surgery", kuma sunan yana rikita mutane, su zaci roba ake sawa. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mulmula abu a ba shi siffa, kamar yadda maginiya ke yi da yumɓu. Gyaran kwalliya wani ɓangare ne kawai na fannin. Babban aikinsa shi ne mayar wa jiki abin da wuta, ko ciwo, ko haɗari, ko haihuwa ta rage masa.

Hanyar ɗauko nama iri biyu ce. Ana iya feƙe fata siririya a shimfiɗa a kan rauni, ta sha daga ƙasan da aka ɗora ta har ta kama. Wannan na yi idan ƙasan na da jini. A kan ƙashi tsirara ko rami mai zurfi kuwa, dole a yi irin dashen da manomi ya sani, a ciro tsiro da saiwarsa. A nan saiwar ita ce jijiya mai kawo jini da jijiya mai mayar da shi, kuma sai an ɗinka su da na sabon wurin kafin naman ya rayu.

Likitan zai tsaga fata ta gefen ciki na layin, ya ratsa kitse, ya isa wani farin tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe tsoka. Ya ɗaga tantanin yana leƙa ƙarƙashinsa, yana matsawa waje kaɗan-kaɗan, har ya hango jijiyar. Sau da yawa kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Daga nan aikin haƙuri ya fara, domin zai bi ta baya-baya zuwa uwarta, ita kuma ta cikin tsoka takan ratsa. Zai buɗe zaren tsokar da ke samanta da bakin almakashi, ya tarar da reshe ya fita dama, ya ɗaure ya yanke, wani ya fita hagu, ya ɗaure ya yanke. Ba ya kama jijiyar da hantsaki, ba ya janta, ba ya barinta ta bushe, domin jijiya irin wannan idan ta ji wuya sai ta tsuke, jini ya tsaya. Kusa da ita akwai jijiyar motsi mai ba tsokar umarni. Ita ma sai an raba su lafiya, don mutumin ya tashi yana miƙe gwiwarsa yadda ya saba. A ƙarshe zai isa uwar, wadda ke kwance a kwarin da ke tsakanin tsokoki biyu: mai kawo jini ɗaya, kaurinta wajen milimita 2, da masu mayarwa galibi biyu a gefenta.

Duk wannan lokacin wasu likitocin na can wajen wuya ko ƙafa suna shirya jijiyoyin da za su karɓa. Ba a yanke saiwar sai sun ce sun gama, domin da zarar an yanke, naman ya daina samun jini, lokaci ya fara ƙure masa.

Sai a jawo madubin likita, babbar na'ura mai rataye da ke ƙara girman abu sau goma ko ashirin. Likita biyu su zauna fuska da fuska, kowa idonsa a nasa mazubin kallo, hannuwansu a kwance kan tebur tun daga gwiwar hannu, yatsu kaɗai ke motsi. Kayan aikin kaɗan ne: hantsaki mai tsini irin na masu gyaran agogo, ƙaramin almakashi, mariƙin allura, da wani ɗan matsi mai baki biyu da ke riƙe bakin jijiyoyin kusa da juna ba tare da ya murƙushe su ba. Zaren nailan ne, wanda ake kira 9-0, kaurinsa bai kai rabin silin gashi ba, an manne shi da allura lanƙwasasshiya da in ta faɗi ƙasa ba mai sake ganinta. A ƙarƙashin jijiyar sukan shimfiɗa ɗan ƙyallen roba mai launi don zaren ya fito a ido.

Da farko a datse bakin jijiya ya daidaita. A aske rigar waje da ke reto a bakin, domin ko zare ɗaya nata ya faɗa ciki, jini zai daskare a kansa. A wanke cikin da ruwan gishiri mai maganin hana daskarewa. Sannan allura ta shiga a tsaye, ta ratsa bango gaba ɗaya, ta fito ta cikin ɗaya bakin, a ɗaure. Ɗinki biyu na farko su ke raba da'irar, sauran su cike tsakani, kowane da tazara daidai da ɗan'uwansa. Takwas zuwa goma sukan isa. Babban abin tsoro shi ne allura ta kamo bangon baya ta haɗe bututun, shi ya sa idan an gama gaba ake kifa matsin, a leƙa ciki a tabbata a buɗe yake, kafin a ɗinke baya. Dabarar kafa ɗinkin farko a ja bakin jijiya ya miƙe ta samo asali daga Alexis Carrel na Faransa a 1902, wanda masu tarihinsa suka ce wurin wata gwanar ɗinkin ado ta birnin Liyon ya je ya koyi riƙon siririyar allura. Shigar da madubi cikin ɗinkin ƙananan jijiyoyi kuma Jacobson da Suarez ne suka bayyana shi a Amurka a 1960.

Idan an cire matsi, ɗakin yakan yi tsit. Jijiya ta cika, ta fara harbawa, gefen naman da ya yi fari ya fara tsattsafo da jan jini. Duk da haka likita ba ya yarda da ido. Zai kama jijiyar da hantsaki biyu a gaban ɗinkin, ya tatse jinin tsakaninsu, ya saki na baya. Idan wurin ya cika nan take, hanya ta buɗe.

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari, kuma a nan aikin ya koma hannun ma'aikatan jinya. Kowace awa, dare da rana, za a duba ɗumin naman, a danna a ga dawowar jini, a saurara da Doppler, wani lokaci a soka allura. Jan jini mai fitowa a hankali lafiya ce. Baƙin jini mai saurin fita na nufin hanyar komawa ta toshe, ita ce kuma ta fi yawan toshewa. Idan an gano da wuri, a koma ɗakin tiyata a ceto shi. Inda toshewar ta ƙananan jijiyoyi ce da ba sa ɗinkuwa, har matsattsaku ake ɗorawa ya tsotse jinin da ya taru, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan aiki tun 2004. Nas ɗin da ta ce bari gari ya waye, ta zubar da aikin awa takwas na mutum goma.

Ba a kan mutum ake koyon wannan hannu ba. Ana farawa da ɗinke tsagaggiyar safar hannu ta roba, a koma jijiyar cinyar kaza da ta fiffikenta, sannan jijiyar cinyar ɓera mai rai, wadda kaurinta milimita ɗaya ne. Amma da'irar nan ta santimita 3, da sanin inda uwar jijiya take kwance, ba a cinyar kaza aka same su ba. Karanta su aka yi. Wannan ita ce gwaninta ta biyu da ke ɓoye a bayan ta farko, kuma ni ta fi ba ni mamaki: yadda likita ke rubuta abin da hannunsa ya yi, har wani da bai taɓa ganinsa ba, a wata nahiya, ya maimaita shi a jikin mutum.

Wannan dashe na naman cinya ya shigo duniya ne a 1984, lokacin da Song da abokan aikinsa daga ƙasar Sin suka bayyana shi a mujallar British Journal of Plastic Surgery. A bayaninsu, jijiyar ta tsakanin tsokoki biyu take bi ta fito. Likitoci suka gwada, da yawa suka buɗe ba su same ta a can ba, aikin ya yi suna da rashin tabbas. Masu bincike a Sin da Japan, cikinsu har da Isao Koshima, suka koma kan gawa da kan marasa lafiya suna zana hanyoyin da take bi. Sai a 2002 Fu-Chan Wei da mutanensa na asibitin Chang Gung a Taiwan suka buga lissafin dashe 672 a mujallar Plastic and Reconstructive Surgery. A ƙirgarsu, kusan kashi 87 cikin ɗari na jijiyoyin ta cikin tsoka suka ratsa, ta tsakani kuwa kashi 13 kacal. Ma'ana, wahalar bin jijiya cikin tsoka ita ce aikin, a daina ɗaukarta rashin sa'a. Sun kuma rubuta cewa dashe 12 sun mutu gaba ɗaya, 17 sun lalace a wani sashe. Bayan wannan takarda naman cinya ya zama abin da ake fara tunawa a asibitoci da yawa idan za a rufe babban rami a kai ko wuya.

Lamba irin 672 ba ta samuwa ranar rubutu. Tun daga mara lafiya na farko ake buɗe rajista: shekarunsa, ciwonsa, ko yana shan taba, girman ramin a santimita, tsawon saiwa, ta ina jijiya ta bi, minti nawa nama ya yi ba jini, me ya faru a kwana na uku. Ana cikewa a daren aikin, da gajiya, kafin mantuwa ta gyara labari. Hoto ma da ƙa'idarsa. Nisa ɗaya, haske ɗaya, bango mai launi ɗaya, fuska ta gaba, ta gefe, da ta karkace, kafin aiki da bayansa, kuma sai da izinin mai fuskar a rubuce. Wanda ya ɗauki hoton farko cikin duhu, na biyu cikin haske da murmushi, talla ya yi. Sai kiranye: a nemo mutumin bayan wata shida, bayan shekara, a auna buɗewar bakinsa, a ji ko yana haɗiya, ko maganarsa na fita. Tun daga 2009 aka fara fito da takardun tambaya da aka gwada ingancinsu, irin su BREAST-Q da FACE-Q, don mara lafiya da kansa ya faɗi yadda yake ji da sakamakon, kada ya zama likita ne kaɗai ke yaba aikinsa.

Rubutun kansa gida huɗu ne: me ya sa aka yi, yaya aka yi, me aka samu, me hakan ke nufi. Gida na biyu ya fi wuya, domin ma'auninsa shi ne baƙo ya iya bin sawu ba tare da tambaya ba. Daga nan edita ya tura wa masana biyu ko uku, galibi marubucin bai san su waye ba. Su tambaya: ina mutum tara da suka ɓace a jadawali na biyu? Da wa aka kwatanta? Wa ya auna, wanda ya yi aikin ko wani? A gyara, a mayar, wani lokaci sau uku. Daga 2011 mujallar Plastic and Reconstructive Surgery ta fara buga ɗan hoton dala a kan maƙalun jinya, mai lamba daga 1 zuwa 5, don mai karatu ya san ƙarfin hujjar tun kafin ya fara: gwajin da aka raba marasa lafiya da ƙuri'a yana sama, ra'ayin gwani shi kaɗai yana ƙasa. Na ga adalci a wannan, fannin da ya ginu kan manyan sunaye ya yarda a sa maganar babba a matakin ƙarshe.

A da ba haka abin yake ba. A Indiya an yi ƙarnuka ana gyara yankakken hanci, sana'ar na yawo cikin zuri'a kamar yadda ɗori yake a wasu gidajenmu. A Oktoban 1794 wata mujallar Landan, Gentleman's Magazine, ta buga wasiƙa da zane kan wani mai korar shanun sojan Ingila, Cowasjee, wanda mutanen Tipu Sultan suka yanke wa hanci, aka gyara masa a yankin Pune. Wasiƙar ta bi aikin daki-daki: a mulmula kakin zuma a siffar hanci, a baje shi a goshi, a zana, a yanko fatar a bar ta manne tsakanin idanu, a murɗo ta ƙasa, a raba mahaɗin wajen kwana na 25. Joseph Carpue ya karanta, ya gwada a kan gawa, ya yi wa mutum a Landan a 1814, ya buga nasa a 1816. Har gobe da fatar goshi ake gina hanci.

Daga nan cibiyar rubutun ta yi ta ƙaura. Yaƙin duniya na farko ya haifar da littafin Harold Gillies na 1920 kan gyaran fuskokin sojoji. Amurka ta kafa mujallarta a 1946, Ingila a 1948. A Melbon ta Ostareliya, Daniel da Taylor suka bayyana dashen fata mai ɗinkakkiyar jijiya a 1973, sannan a 1987 Taylor da Palmer suka ɗura wa gawarwaki ruwan dalma a jijiya, suka ɗauki hoton eksire, suka fitar da taswirar jiki mai yankuna 40, kowane da jijiyar da ke shayar da shi. Gabashin Asiya kuwa ta daɗe tana aiki kafin a ji ta. Chen Zhongwei ya mayar da yankakken hannu a Shanghai a 1963. Dashen fatar damtsen hannu na Yang Guofan da Sinanci aka buga shi a 1981, sai da likitocin Jamus suka je suka gani da ido kafin Turai ta ɗauka. Yau Amurka ce ke gaba a yawan maƙalu, Sin ta taso da sauri, Ingila, Japan, Koriya ta Kudu, Turkiyya da Taiwan duk suna da ƙarfi, kuma kusan kowa da Ingilishi yake rubutawa. Mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, irin PRS Global Open da ta fara a 2013, sun buɗe ƙofa ga mai karatu, amma kuɗin bugawa ya koma kan marubuci, ko da yake akan yi wa ƙasashe matalauta rangwame. Tare da su kuma 'yan damfara suka shigo, mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da kowa ya tambayi inda mutum tara suka shiga ba.

Rabon Afirka a wannan rubutu ƙarami ne, kuma ana jin rashin a gadon asibiti. Littattafai na cewa lafiyayyen dashe ruwan hoda yake, mai toshewa shuɗi, alamar da ba ta fitowa sosai a baƙar fata. Tabon nan mai tsiro ya wuce iyakar rauni ya fi kama baƙar fata, kuma J. O. Oluwasanmi na Ibadan na cikin waɗanda suka rubuta a kansa tun shekarun 1970. Ƙungiyar likitocin fannin a Najeriya na da mujallarta, Nigerian Journal of Plastic Surgery.

Akwai kuma ciwon da ƙasarmu ta koya wa duniya aikinsa: noma, wanda ake kira zaizayar baki, mai cin kunci da leɓe da hancin ƙananan yara masu fama da yunwa. Michael Tempest ya bayyana yara 250 daga Ibadan a 1966. A 1998 Klaas Marck da abokansa suka buga tsarin da suka yi amfani da shi a Sakkwato, inda ake duba hanci, wajen kunci, cikin kunci, ƙagewar muƙamuƙi, leɓen sama da na ƙasa, kowane a ba shi lamba daga 0 zuwa 4, don likitan Yamai da na Jeniba su fahimci rauni ɗaya ba tare da sun gan shi ba. Asibitin yara masu noma na Sakkwato ya buɗe a 1999, kuma a 2003 Giessler da Schmidt suka rubuta yadda suka yi ɗinkin jijiya da madubi a kan masu wannan ciwo a Afirka ta Yamma. A Disamban 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Maƙalar da na fi girmamawa a cikinsu ta 2010 ce. Bisseling da abokan aikinsa suka bi sawun waɗanda aka buɗe wa ƙagaggen muƙamuƙi a Sakkwato shekaru kafin nan, suka nemo su, suka sa ma'auni tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. A yawancinsu bakin ya sake rufewa. Suka rubuta milimitocin yadda suka same su, suka aika aka buga, likitocin noma kuma suka ƙara mayar da hankali kan motsa muƙamuƙi na watanni bayan tiyata da kiran mara lafiya ya dawo a sake aunawa.